Dodo a Bakin Nilu: Tarihin Labarin Ban Tsoro a Tsakanin Hausawan Sudan

Aljirif tsohuwar unguwa ce da Shuɗin Nilu ya raba gida biyu a gabashin Hartum, ɗaya a gaɓar yamma, ɗaya a gaɓar gabas. An san ta da lambuna da wuraren gasa jan bulo waɗanda suka daɗe suna ciyar da gine-ginen babban birnin. A nan, kamar a Umdurman da sauran unguwannin birnin, akwai Hausawan da kakanninsu suka taso daga yamma da niyyar aikin hajji, ƙasar ta riƙe su har ta zama tasu. Idan ana ba da tarihin waɗannan mutane, akan tsaya a kan malamai da noma da fatauci, a manta da wani kaya da suka ɗauko wanda ba ya nauyi a kan jaki, wato labarin ban tsoro: tatsuniyar Dodo, labarin maye, kurar da take mutum da rana, fatalwa da 'yan ruwa. Mutane da yawa a yau suna ɗaukar adabin ban tsoro a matsayin baƙon abu da ya zo daga Turai ta littafi da fim, wasu kuma suna ganin sa shirme ko hanyar ɓata. Tarihi ya nuna akasin haka. Tsoratarwa ta hanyar labari tsohuwar sana'a ce mai ƙa'idoji a wurin Bahaushe da Balaraben Nilu, kuma amfaninta yana cikin shingen da aka kewaye ta da shi. Duk inda aka rushe shingen, tsoron yakan fita titi ya koma jita-jita, ya faɗa kan baƙo. Babu wanda ya kamata ya fahimci wannan kamar Bahaushen Sudan.

Hanyar gabas ta daɗe ana bin ta, amma babban kwararowar jama'a ya biyo bayan shigowar Turawa ƙasar Hausa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da waɗanda suka tsira, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Sinnar da gonakin audugar Jazira a 1925, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo mutane, suka bazu a Wad Madani da Gadarif da Kassala da Hartum. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Ayari yakan yada zango ya yi noma ko ƙodago, a haifi yara a hanya, a binne tsofaffi a hanya. Wanda ya ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan da ƙafa ya san ƙishirwa da kura da 'yan fashi da masu kama bayi. A irin wannan tafiya, tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki da dare tana yin aiki biyu: tana riƙe harshe da sunayen gida, tana kuma koya wa yaro kada ya bar ayari, kada ya je rijiya shi kaɗai da magariba, kada ya bi mai zaƙin baki. A ƙarshen hanya kuwa akwai Sawakin, tashar da alhazai ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, garin da mutanen ƙasar ke cewa a cikinsa Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu, har suna shakkar kyanwowinsa. Wanda ya taso da labarin Jangare, birnin iskoki, ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba.

Abin da waɗannan matafiya suka ɗauko sananne ne, domin a daidai wannan zamani aka rubuta shi. Tun 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, mai ɗauke da labaran da Dorugu ya ba shi. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3, daga rubutun ajami da malamai suka yi masa, a 1913 kuma R. S. Rattray ya buga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Mai duba waɗannan littattafai zai ga cewa dabarun da marubutan ban tsoro na duniya ke taƙama da su duk suna nan. Akwai budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa cikin daji ya fara sauya kama. Akwai Dodon da ke haɗiye mutane da dabbobi har sai ƙaramin yaro ya farke cikinsa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja yarinya tana isa gidan da cinya, ba gangar jiki, ke zaune tare da kare suna karɓar baƙi, ladabinta ne kawai ya fitar da ita lafiya. Maimaita waƙa sau uku, kowane karo muryar na ƙara matsowa, shi ne jan rai da marubuci ke yi da shafuka. Sai dai duk wannan yana tafiya ne cikin doka. Da dare ake yi, bayan an gama aiki. Babba ke yi, yara na jikinta. Ana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ta faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaro yana shiga tsoro da izini, ya fito da izini, ya kwanta ya san cewa Dodo ya tsaya a cikin labari.

A bakin Nilu sai suka tarar da maƙwabta masu irin wannan al'ada. Larabawan Sudan suna da ahaji, tatsuniyoyin da habboba, wato kaka, ke yi wa jikoki a tsakar gida bisa gadon igiya. Suna da gul mai cin mutane, da labarin Fatima al-Samha wadda ta gudu daga auren da bai halatta ba, ta ɓuya cikin fatar wani tsoho. Suna da ba'ati, mamacin da ake cewa yakan taso bayan an binne shi, da Abu Lamba, hasken da ke yaudarar matafiyi cikin sahara har ya ɓace. Suna kuma girmama mazauna kogi, shi ya sa ake kai ango da mai jego bakin ruwa. Ga mutanen da ke zaune a gaɓa kamar Aljirif, waɗanda suka ga ambaliyar 1946 da ta 1988 da ta 2020, labarin abin da ke jan yaro cikin ruwa gargaɗi ne da ke da gawarwaki a bayansa. Ko a fagen iskoki an yi cuɗanya: ɗaya daga cikin manyan rassan zar, al'adar hawan iskoki ta Sudan, ana kiran sa zar bori, kuma a 1991 aka buga littafin haɗin gwiwar I. M. Lewis da Ahmad al-Safi da Sayyid Hurreiz a kan dangantakar zar da bori. Wani abin lura shi ne, mutumin da ya fi kowa suna wajen tattara tatsuniyoyin Sudan cikin littafi, Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib, marubucin al-Ahaji al-Sudaniyya, shi ne ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a tsakiyar shekarun 1960, shi ne kuma ya yi shekaru yana tafsirin Alƙur'ani a Rediyon Umdurman. Malami mai wannan matsayi bai ga ƙasƙanci a rubuta labarin gul ba.

Masu cewa adabin ban tsoro kayan Turawa ne su dubi inda Turawan suka samo wani sashe nasa. Gaskiya ne a Ingila aka fara ƙagaggen littafin ban tsoro irin na zamani, daga The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, zuwa Frankenstein na Mary Shelley a 1818 da Dracula na Bram Stoker a 1897, tare da gajerun labaran Edgar Allan Poe a Amurka. Amma tun daga 1704 Antoine Galland ya fara fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci, Turai ta cika da aljanu da ifiritai, kuma ta hanyar littattafai irin su Vathek na William Beckford a 1786 gul ɗin Larabawa ya samu gindin zama a adabin Ingilishi. Abin da Turai ta ƙara shi ne injin ɗab'i da mai karatu shi kaɗai a ɗaki. Da ɗab'i ya iso gare mu, mu ma haka muka yi. Littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar a Zariya cike suke da wannan gado: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da aljanunsa, Ganɗoki na Bello Kagara, da Jiki Magayi mai labarin asiri da ramuwar gayya da ta cinye mai ita. A ƙasar Yarbawa D. O. Fagunwa ya shigar da maharbi dajin aljanu a 1938, Amos Tutuola ya biyo baya a 1952. Adabin kasuwar Kano, wanda aka fi sani da soyayya, yana da reshe babba na littattafan yaƙi da matsafa da aljanu, wanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice a ciki.

Matashin Hartum da ke karatu da Larabci ta ƙofar Masar ya fi shiga wannan fage. A 1993 likitan nan na garin Ɗanɗa, Ahmad Khalid Taufiƙ, ya fara jerin ƙananan littattafan aljihu mai suna Ma Wara' al-Ɗabi'a, ya ci gaba har 2014, ya kai littafi kusan 80. Gwarzonsa, Dakta Rif'at Isma'il, tsohon likitan jini ne, siriri, mai yawan ciwo, mai tambayar hujja kafin ya yarda. Ya haɗu da masu shan jini na Turai, ya kuma haɗu da Naddaha, macen da ƙauyawan Masar ke cewa tana kiran maza da sunansu daga bakin ruwa. Da marubucin ya rasu a 2018, matasa daga ƙasashen Larabawa da dama sun shaida cewa littattafansa ne suka koya musu son karatu. Manyan marubutan Sudan ma sun yi aiki da razana a inda ta dace. A Mausim al-Hijra ila al-Shamal na al-Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966, akwai baƙo mai ɓoyayyen tarihi a ƙauyen bakin Nilu, da ɗakin da aka kulle, da ɓacewa a lokacin ambaliya, da daren da Husna ta kashe tsohon da aka aura mata dole ta kashe kanta. Amir Taj al-Sir, shi ma likita, ya mai da cutar Ebola tamkar mai rai da niyya a littafinsa na 2012. Fim ɗin Satamutu fil Ishrin na Amjad Abul Ala, wanda aka ɗauko daga labarin Hammur Ziyada, ya kuma ci kyauta a Banis a 2019, ya nuna yadda maganar cewa yaro zai mutu yana ɗan shekara 20 ta hana shi rayuwa tun kafin ajali. A duk waɗannan, abin tsoron na ainihi shi ne zalunci da jahilci da shirun jama'a.

Suka ta farko da ta cancanci amsa ita ce ta addini. Mai ita yana cewa aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su har da sura guda da sunansu, don haka ƙaga labari a kansu wasa ne da gaibu, yana kuma dasa camfi da tsoron wanin Allah. Akwai gaskiya a nan, domin labarin da ke koya wa mai karatu cewa boka ke riƙe da rai da arziki ya cuce shi. Amma malaman Musulunci sun daɗe da raba abin da nassi ya tabbatar da abin da baki ya ƙara. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya kore gul yadda Larabawan jahiliyya suka ɗauke shi. Al-Jahiz, wanda ya rayu a Basra a ƙarni na 9, ya kawo bayani a Kitab al-Hayawan cewa kaɗaici da shirun sahara su ke sa matafiyi ya ji muryoyi ya ga siffofi, Mas'udi ma ya bi wannan hanya a Muruj al-Zahab. Tatsuniya da ƙagaggen littafi suna ɓangaren waɗannan malamai, domin suna bayyana kansu a matsayin ƙirƙira tun daga farko. Wanda ke dasa camfi shi ne mai rantsuwa cewa da idonsa ya gani, ko ɗan wansa ya gani, sannan ya miƙa hannu a biya shi kuɗin magani. Yaron da ya saba jin ƙurunƙus ya koyi tambaya mai tsada: wannan labari ne ko shaida?

Amsar wannan tambaya ta taɓa zama batun rai da mutuwa a Hartum. A watan Satumba na 2003 jita-jita ta game birnin, ta wayar salula da bakin kasuwa, cewa wani baƙo daga Afirka ta Yamma yana gaisawa da maza, mazakutarsu ta ɓace. Mutane suka daina miƙa hannu, aka kai ƙararraki wurin 'yan sanda, likitoci suka duba masu ƙorafin suka ce lafiyarsu ƙalau. Irin wannan ya sha faruwa a biranen Najeriya, inda taron jama'a ya yi wa bayin Allah dukan kisa. Ga dukkan kayan labarin ban tsoro a ciki, baƙo da taɓawa da asarar da ba a iya nunawa, abin da babu kawai shi ne mai cewa ƙarya nake yi. Haka zargin maita yake a ƙasar Hausa, inda tsohuwa matalauciya ke zama abin jifa saboda zazzaɓin yaron maƙwabta. Haka kuma a Sudan aka daɗe ana jingina sihiri da rikiɗa zuwa kura ga mutanen yamma, ana neman layar malaminsu da dare ana ƙyamar su da rana. Al'ummar Hausawa da aka yi wa tambaya a kan zamanta 'yar ƙasa, har ta fito zanga-zanga a Gadarif a 2008, wadda kuma ta binne ɗaruruwan 'ya'yanta a rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022, ta san farashin zama dodo a bakin wani.

A nan ne suka ta biyu ke shigowa, kuma ta fi ta farko kaifi: ai adabin ban tsoron kansa yakan mai da baƙo dodo. Dracula baƙo ne daga gabashin Turai da ya shigo Landan yana gurɓata jini, H. P. Lovecraft na Amurka ya cika labaransa da ƙyamar wasu jinsuna, tatsuniyarmu ma ta sa kyakkyawan baƙo ya zama aljani. Ba za a musa wannan ba. Amma abin da aka rubuta ana iya ajiye shi a gaba a tuhume shi, a gane tsoron wa yake ɗauke da shi, jita-jita kuwa ba ta da marubucin da za a kama. Kuma cikin wannan adabi ne aka samu maganin cutar. Mary Shelley ta ba dodon Frankenstein baki ya faɗi yadda ƙyamar mutane ta mai da shi mugu. Ahmad Sa'adawi na Iraƙi, a littafinsa Frankenstein fi Bagdad na 2013, wanda ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2014, ya haɗa dodonsa daga gaɓoɓin mutanen da bama-bamai suka kashe, 'yan kowace ƙabila da mazhaba, kowane ɓangare na birnin kuma yana rantsuwa cewa dodon na ɗaya ɓangaren ne. Karatu da fahimta shi ne mai karatu ya tambayi kowane labari wa aka mayar dodo, don me, wa kuma ya ci riba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi a zuciya. Tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya afka wa Hartum da Umdurman, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, aka wawashe gidajen tarihi da ɗakunan karatu, yara suka ga abin da babu marubucin da zai iya ƙagawa. Me mutanen da suka ga wannan za su yi da labarin Dodo? Babu mai hankalin da zai tura wa yaron da ke firgita cikin barci fim ɗin yanka da jini, kuma akwai kaya da yawa a kasuwa da intanet waɗanda ba su da komai sai ƙazanta. Sai dai kakannin da suka tsira daga Burmi, suka ratsa yunwa da ƙishirwa, ba su daina tatsuniya ba, kuma ba don sun rasa abin tsoro na gaske ba ne. Tsoron yaƙi ba shi da fari ba shi da ƙarshe, ba ya jin roƙo. Tsoron da ke cikin tatsuniya yana da suna da siffa da rauni, ƙaramin yaro ko marainiya ke cin nasara a kansa, kuma ana jin sa ne a jikin wanda ake ƙauna. Littafin Sa'adawi ma daga cikin wutar Bagadaza ya fito. Mutanen da suka ga bala'i sukan buƙaci hanyar faɗinsa a kaikaice kafin su iya faɗinsa kai tsaye, labarin ban tsoro kuwa yana cikin tsofaffin hanyoyin nan.

Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne gadon kansa. Tun a 1999 Farfesa al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya nuna a littafinsa yadda Hausar Sudan ke rusunawa ga Larabci, kuma tatsuniya tana cikin abin da ke fara tafiya idan jika ya daina jin harshen kakarsa. Yaƙi ya ƙara warwatsa tsofaffin da ke riƙe da ita, wasu a Gadarif, wasu a Bur Sudan, wasu a Masar da Chadi da Najeriya. Tatsuniyar da ta yi fiye da shekara 100 a bakin Nilu, ta sha ruwan ahaji, ta san gul da ba'ati, reshe ce ta adabin Hausa da Kano da Sakkwato ba su da irinsa. Duk mai waya a hannu a Aljirif ko Umdurman ko sansanin gudun hijira yana iya zaunar da kakarsa ya naɗi muryarta, da waƙoƙin da buɗewar da rufewar. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su nemi waɗannan muryoyi su adana su. Marubutanmu matasa, masu rubutu da Hausa da masu rubutu da Larabci, su karanta Edgar da Imam da Abdullahi al-Ɗayyib kamar yadda suke karanta Poe da Taufiƙ, su rubuta nasu. Iyaye kuma su zaɓa wa yara abin da ya dace da shekarunsu, su zauna tare da su, su koya musu bambanta labari da shaida, domin yaron da ya iya wannan ba zai ɗauki dutse ya jefi baƙo saboda jita-jita ba.